Sa'o'i Tara Tsakanin Mile 12 da Hoton Ƙwaƙwalwa: Nazarin Yadda Aka Kai Wani Dillalin Albasa Asibiti

Mutumin da wannan nazari ya shafa dillalin albasa ne a kasuwar Mile 12 ta Legas, ɗan shekara 58, mutumin yankin Sakkwato. Na sakaya sunansa da na garinsu, zan riƙa ce masa Alhaji yadda 'yan layinsu ke kiransa. Shanyewar ɓarin jiki ta same shi wajen ƙarfe 6:30 na safe, ido na ganin ido, a tsakiyar kasuwa. Ba a ɗauki hoton ƙwaƙwalwarsa ba sai wajen 3:30 na yamma. Sa'o'i tara ke nan, alhali manyan asibitocin gwamnati na Gbagada da Ikeja ba wanda ya kai nisan kilomita 15 daga inda ya faɗi.

Duk wanda aka ba wannan labari a Legas, kafin a rufe baki zai ce gosulo ne. Da aka zauna aka bi lokutan ɗaya bayan ɗaya, ta jerin kiran da ke cikin wayar ɗan ƙaninsa da takardar turawa da rasidan asibiti, sai aka ga abin da titi ya ci gaba ɗaya awa ɗaya ce da 'yan mintuna. Sauran sun tafi ne a kan tabarma, da bakin waya, da kan gadon wani ƙaramin asibiti. Motar asibiti kuwa ba ta shigo labarin ba sai da aka kusa shafe awa bakwai, ita ma ta haya.

Kafin ranar

Alhaji ya haura shekara 20 yana Legas. Iyalinsa na gida, mata biyu da 'ya'ya, yakan je musu da Sallah da kuma lokacin da kasuwar albasa ta lafa. A Legas ɗaki guda gare shi a bayan kasuwa, shi da ɗan ƙaninsa, saurayi ɗan shekara 24 da ke riƙe masa littafin lissafi, yana kiransa Baffa. Duk wanda ya san Mile 12, ko Abatuwa ta Oko-Oba a Agege, ya san irin wannan zama: magidanta birjik, ba mace a kusa, ba babban ɗa, sai yaran gida da abokan kasuwa.

An gano yana da hawan jini ne wajen gwajin maniyyata, shekarar da ya tafi Hajji. Ya sha maganin na wasu watanni, ya ga babu ciwon kai babu jiri, ya ajiye. Abin da bai ajiye ba shi ne ƙwayoyin ciwon jiki da masu talla ke yawo da su a faranti, irin su diclofenac da ibuprofen, waɗanda su kansu kan ɗaga jini. Hawan jini bai cika yin shela ba, amma a yankinmu shi ne uban gayya. Binciken SIREN da aka yi a asibitocin Najeriya da Gana, har da na Kano da Zariya, ƙarƙashin Farfesa Mayowa Owolabi na Ibadan da abokan aikinsa, wanda aka wallafa a 2018, ya ɗora alhakin kusan kashi 90 cikin 100 na shanyewar ɓarin jiki a kan hawan jini.

Mako biyu kafin abin ya faru, hannunsa na dama ya yi sanyi, harshensa ya yi nauyi na kamar minti goma, sannan komai ya koma daidai. Ya ce gajiya ce. Likitoci na ɗaukar irin wannan a matsayin ƙaramar toshewa da ta warware da kanta, kuma hatsarin babbar ya fi yawa a kwanakin da ke biye. Yaron ya gani, amma wa zai matsa wa Baffansa a kan abin da shi ya riga ya ce ba komai?

Awa ta farko

Tirela ta iso cikin dare, ana sauke buhuna. Alhaji ya dawo daga sallar asuba, ya sha shayi, ya zauna a benci yana ƙirga, yaron na rubutawa. Sai wayar da ke hannunsa na dama ta suɓuce. Ya sunkuya zai ɗauka, hannu ya ƙi. Yaron ya ce, "Baffa, lafiya?" Amsar ba ta fito a matsayin magana ba. Baki ya karkace, yawu na zuba ta gefe. Ya yunƙura zai miƙe, ƙafar dama ta ƙi ɗaukarsa, ya zame ƙasa.

Fuska, hannu, magana. Alamomi ukun da ake koya wa mutane a duk duniya su lura da su sun bayyana a lokaci guda, a gaban 'yan dako da dillalai masu yawa. Babu wanda ya raina abin. Inda aka rarrabu shi ne a kan mene ne. Wani ya ce sukarinsa ne ya yi ƙasa, ya ruga ya sayo lemon kwalba, aka tallabo kai aka ɗura masa, ya ƙware ya yi ta tari. Wani ya yayyafa ruwa. Wani dattijo ya ce wannan bugun iska ne, don mutum lafiyarsa ƙalau ba ya faɗuwa haka kawai da sassafe. Aka kira limamin masallacin layin. Ya zo ya yi tofi, kuma a yi masa adalci, shi ne mutum na farko da ya ambaci asibiti. Cewa ya yi, "Ku kai shi, addu'a ba ta hana tafiya." Aka ce to, aka ci gaba da tsayuwa.

Abin da ke faruwa cikin kan Alhaji a wannan lokaci, duk manomin albasa zai gane shi. Idan magudanar ban-ruwa ta toshe a fadama, kwamin da ke bakin toshewar kan fara ƙonewa, na gefe kuma su ɗan jure da laimar da ke ratsowa daga maƙwabta. In an buɗe magudanar da wuri, na gefen su farfaɗo, in an makara su bi na farko. Haka gudan jini ke yi in ya toshe jijiyar ƙwaƙwalwa: tsakiyar wurin na mutuwa cikin mintuna, kewayensa na riƙe da rai na 'yan sa'o'i da jinin da ƙananan jijiyoyi ke zagayowa da shi. Wani likita a Amurka, Jeffrey Saver, ya ƙiyasta a 2006 cewa in babbar jijiya ce ta toshe, ana asarar ƙwayoyin ƙwaƙwalwa wajen miliyan 1.9 a kowane minti. Allurar narkar da gudan jini, alteplase, ana yin ta ne cikin awa huɗu da rabi daga lokacin ƙarshe da aka ga mutum lafiya. Ga Alhaji, wannan wa'adi zai cika da ƙarfe 11:00 na safe. Ba wanda ke wurin da ya san akwai wani wa'adi.

Wa zai ce a tafi?

A ganina nan ne zuciyar lamarin take. Daga 6:52 zuwa 8:10 yaron ya yi kira goma sha ɗaya. Babu 767 a ciki, babu 112, lambobin kiran agajin gaggawa na Legas.

Kiran farko mahaifinsa ya yi wa, wato ƙanin Alhaji, can gida. Uban ya ce masa, "Kada ka yi gaban kanka, ka jira shugaba ya zo." Shugaban 'yan albasa na layin kuwa yana hanya daga Ikorodu. Kira na biyu ya tafi wurin babban ɗan Alhaji, shi ma a gida. Shi shawararsa a gyara wuri a cikin tirelar da ta kawo kaya, a sa Baba a ciki a dawo da shi. In ta Allah ce za ta kasance, gara ta same shi cikin iyalinsa.

Mai karatu na iya jin haushin wannan shawara, amma tana da tushe. Musulmi in ya rasu a Legas, a Legas za a yi masa sutura a ranar, matansa da 'ya'yansa ba za su gan shi ba. In kuma ya rayu aka kwantar da shi, asibitinmu na bukatar mai jinya dare da rana: mai sayen magani, mai bin layin biyan kuɗi, mai juya mara lafiya, mai wanke shi. A gida akwai hannuwa goma da za su yi wannan. A Legas yaro ɗaya ne, shi ma kaya na jiransa, albasa kuwa ba ta jiran kowa. Duk da haka, tafiyar wajen kilomita 1,000 a bayan tirela, ga mutumin da ko yawunsa ba ya iya haɗiyewa, ba jinya ba ce. Sa'a ɗaya, direban ya ce shi ba zai juya ba sai jibi.

Yaron shi ya ga yadda abin ya fara, shi ya san na mako biyu da suka wuce, shi ke riƙe da waya. Abin da ba shi da shi kawai matsayi ne. Da ya ɗauki Baffansa ya nufi babban asibiti, rai ya yi halinsa a can, tambayar da za ta bi shi har tsufa ita ce, "Wa ya aike ka?" In kuwa ya jira manya, ko me ya faru ƙaddara ce. Yaro ɗan shekara 24 ya fahimci wannan lissafi sarai, ko da bai iya faɗinsa da baki ba, kuma ba na ganin laifinsa. Masu ikon yanke hukunci ba su ga mara lafiyar ba, wanda ke gabansa kuma ba shi da ikon.

Sai maganar kuɗi. Alhaji ba matalauci ba ne. Amma dukiyarsa rabi buhuna ce a ƙasa, rabi bashi a hannun kwastomomi, ɗan abin da ke banki kuma lambar sirrinsa shi kaɗai ya sani. Ga katin cirar kuɗi a aljihunsa, ga masu POS a kowane lungu, ga mai lambar a kwance yana kallon mutane, yana gane tambayar, bakin ya ƙi fitar da amsa. An miƙa masa biro ya rubuta da hagu, bai iya ba, don toshewar ta taɓa wurin da ke sarrafa harshe, magana da rubutu duka.

Kemis da ƙaramin asibiti

Shugaba ya iso wajen 8:15. Ya sa aka kira mai kemis na kusa, ya zo da abin awon jini, ya samu 200 bisa 115. Ya sa masa ƙwayar saukar da jini a ƙarƙashin harshe, ya jiƙa asfirin ya ba shi, sannan ya ce abin ya fi ƙarfinsa, a kai shi asibiti. Maganarsa ta ƙarshe daidai ce, biyun farko ganganci ne da kyakkyawar niyya.

Shanyewar ɓarin jiki iri biyu ce: ko jijiya ta toshe, ko ta fashe jini ya malala cikin ƙwaƙwalwa. Daga waje ba a bambance su, sai da hoton CT, wato hoton cikin ƙwaƙwalwa da na'ura ke ɗauka. Binciken SIREN ya samu cewa a nan yankinmu kusan ɗaya cikin uku fashewa ce, fiye da yadda ake gani a Turai. Asfirin na taimakon wanda jijiyarsa ta toshe, yana iya ƙara zubar jinin wanda tasa ta fashe. Na Alhaji daga baya an gano toshewa ce, saboda haka asfirin bai cuce shi ba, amma dace aka yi. Faɗar da jini farat ɗaya kuma na rage ɗan jinin da ke zagayowa ta gefe yana riƙe da sauran ƙwaƙwalwar. Shi ya sa a toshewa likitoci ba sa gaggawar taɓa shi sai ya haura 220 bisa 120, ko in za a yi allurar narkarwa, sai a sauko da shi ƙasa da 185 bisa 110 a hankali, ana aunawa.

Da a da ne, a kan acaɓa za a sa shi a tsakiya, wani ya riƙe ta baya. An haramta acaɓa a ƙaramar hukumar Kosofe tun Satumban 2022, don haka Keke Napep aka samo. Mutum uku suka cicciɓe shi. Tafiyar minti 20 ta kai su wani ƙaramin asibiti mai zaman kansa. Shugaba ya zaɓe shi ne saboda ya san mai shi, suna karɓar rabin kuɗi a cika daga baya, kuma akwai wata nas da ke jin Hausa kaɗan-kaɗan. Dalilai ne masu ma'ana ga zazzaɓi ko yankan wuƙa.

Sun shiga ƙarfe 9:10, saura awa biyu babu minti goma wa'adi ya cika. Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014, sashe na 20, ta hana kowace cibiyar lafiya ƙin duba mai larurar gaggawa, kuma su ba su ƙi ba. Sun ba shi gado, sun ɗaura ƙarin ruwa tun kafin kuɗin kafin-alƙalami ya cika. Karɓar ce ma ta zama illa. Ba su da na'urar CT, likita kuma ba ya shigowa sai hantsi. Da ganin ruwa na ɗiga, hankalin kowa ya kwanta, aka buga waya gida aka ce an kai shi asibiti, 'yan rakiya suka koma bakin kaya. Wajen ƙarfe goma wani ya kawo kunu, don Alhaji bai ci komai ba tun shayin safe. Aka ba shi da cokali, ya sake ƙwarewa.

Likita ya iso 11:10. Bai ɗauki minti biyar yana dubawa ba ya rubuta takardar turawa. Daga nan zuwa 1:15 karo-karo ake yi a layi, na kuɗin motar asibiti ta haya da na hoto. Motar na da gado da tukunyar oksijin da nas ɗaya. Ta yi minti 50 a hanya tana jiniya, 'yan danfo, direbobin ƙananan bas na haya, na kallonta ta madubi kamar ba da su take ba. Sun isa babban asibiti 2:05. Yankan kati, biyan kuɗi, gwajin jini, sannan hoto.

Me ya sa ba a kira motar gwamnati ba?

An yi wa waɗanda suka halarci abin wannan tambaya ɗaya bayan ɗaya. Yaron ya ce bai san lambar ba. Yana ganin motocin a ajiye a gefen manyan tituna, a zatonsa na masu hatsarin mota ne kawai. Ba a banza ya yi wannan zato ba, a wajen hatsari aka fi ganin aikinsu. Amma hukumar motocin asibiti ta Jihar Legas, LASAMBUS, wadda aka kafa a 2001 zamanin gwamna Bola Tinubu, ta kowace irin larurar gaggawa ce. Ana samunta ta 767 ko 112, kiran kyauta ne ko babu kati a waya, ba a kuma cinikin kuɗin mota kafin a ɗauki mutum.

Shugaba ya san 112. Shi tsoronsa kada kiran hukuma ya jawo 'yan sanda da tambayoyi cikin kasuwa, kasuwar da ta sha ganin rufewa da rigingimu. Dattijon nan mai maganar iska ya ce shi bai taɓa ganin irin motar nan ta ɗauko mai rai ba, gawa take kaiwa, sa mutum a ciki tun yana numfashi mugun fata ne. Wani ya ce ko an kira, ta ina za ta ratsa tireloli da kwanduna da baro ta shigo layin albasa? Wani kuma ya ce da wane yare za a yi musu kwatance, a wurin da ba sunan titi ba lambar gida? Wannan na ƙarshe uzuri ne mai rauni, don mutanen da ke cinikin miliyoyi da Yarbanci da Turancin buroka ba za su kasa cewa mutum ya faɗi a Mile 12 ba. Na shigowa cikin kasuwa kuwa gaskiya ne, amma waɗanda suka cicciɓe shi zuwa keke za su iya cicciɓarsa zuwa ƙarƙashin gada ko bakin tashar manyan bas na BRT.

Babu mai ba da tabbacin cewa da an kira za ta zo cikin minti goma. Legas ce, safiya ce, motocin kuma ba su kai yawan jama'ar ba. To a ƙaddara ta yi awa guda cur kafin ta zo, ta yi wata awar a hanya. Da an kira 6:40, da ƙarfe tara bai yi ba yana babban asibiti. A ƙaddara ma ba ta zo ba, aka gaji da jira bayan minti 20 aka ɗauki shatar tasi kai tsaye zuwa inda ke da na'urar hoto. Shi ma ya fi. Kowace daga cikin hanyoyin nan ta fi wadda aka bi.

Gudu ba shi ne babban amfanin motar asibiti ga mai wannan ciwo ba. Ma'aikacin da ya san aikinsa zai fara tambayar ƙarfe nawa aka gan shi lafiya, ya rubuta. Zai auna sukari da ɗigon jini ɗaya, don faɗuwar sukari na kwaikwayon shanyewar ɓarin jiki, kuma da awo ake ganewa, ba da ɗura lemo ba. Zai kwantar da shi ta gefe, ya hana a ba shi komai ta baki. Zai wuce ƙananan asibitoci ya nufi wanda ke da kayan aiki, in hali ya yi ya sanar da su suna tafe. A Amurka, wani bincike na 2013 kan marasa lafiya sama da 200,000 ya nuna kusan biyu cikin uku a motar asibiti suka iso, kuma su aka fi saurin yi wa hoto da allura a kan waɗanda 'yan'uwa suka kawo. A nan, akasarin masu wannan ciwo a motar gida ko tasi ko keke suke isa, sau da yawa bayan sun biya ta wuri ɗaya ko biyu.

Akwai kuma amfanin da ba ya cikin littafin likitoci, wanda a wannan lamari ya fi kowanne nauyi. Da motar gwamnati ce ta zo, ma'aikata cikin kayan aiki suka ce ga inda za a kai shi, da nauyin ya sauka daga wuyan yaron. Ba wanda zai ce masa wa ya aike ka. Abin da zai faɗa wa mahaifinsa kawai shi ne, "Baba, likitoci ne suka ɗauke shi." Awa ɗaya da rabi da aka kashe ana neman mai cewa a tafi, da kira ɗaya ya raba gardama.

Kada kuma a yi wa mutane romon baka. Allurar narkar da gudan jini ba kowane babban asibiti ke ajiye da ita ba a Najeriya, tana da tsada ƙwarai, kuma ba kowa ya dace da ita ba ko ya zo da wuri. Aikin zaro gudan jini ta cikin jijiya, wanda ga wasu ake iya yi har zuwa awa 24, wuraren da ke yin sa 'yan ƙalilan ne. Mai yiwuwa Alhaji ya isa ƙarfe tara bai samu ko ɗaya ba. Amma da bai sha kunun nan ba, da ba a faɗar masa da jini a makance ba, da an fara lura da numfashinsa da sukarinsa da zafin jikinsa tun da hantsi.

Abin da ya biyo baya

Hoto ya nuna toshewa a ɓangaren hagu na ƙwaƙwalwa, babu zubar jini. Hagu ke sarrafa damar jiki, kuma ga yawancin mutane nan cibiyar magana take. Aka gwada haɗiyarsa da ɗan ruwa, ya kasa, aka sa masa robar abinci ta hanci. Rana ta uku zazzaɓi ya taso, ƙirji ya cika: ciwon huhu. Ba za a iya rantsuwa cewa lemon ne ko kunun ba, amma hanyar sananniya ce. Abin da maƙogwaro ya kasa turawa ciki huhu yake gangarawa, kuma wannan na cikin manyan abubuwan da ke kashe masu shanyewar ɓarin jiki a makonnin farko. Ya ƙara masa kwanaki a gado, ya jinkirta fara gashi da motsa gaɓoɓin da suka shanye, ya ninka kuɗin magani.

An sallame shi bayan kwana 19. Yana takawa in an riƙe shi, yana jan ƙafa. Hannun dama bai dawo ba. Yana gane duk abin da aka ce, yana amsa sallama, yana kiran sunan yaron, sauran magana sai a hankali. Babban ɗansa ya zo aka tafi da shi gida a ƙaramar mota, da ledar magungunan hawan jini da na kitse da asfirin, da gargaɗin cewa wanda abin ya taɓa samu yana cikin hatsarin maimaici in ya saki magani. Yaron ya zauna yana bin bashin da ke waje.

'Yan layin sun zauna bayan sallar Juma'a a kan maganar. Wasu abubuwan an amince da su ba gardama. An rubuta 767 da 112 a bangon ofishin ƙungiya da ƙofar masallaci. An ware mutum uku masu jin Turanci da Yarbanci da za a nema in za a yi kira, aka tsayar da wuri ɗaya a bakin titi da za a riƙa yin kwatance da shi. Liman ya ja kunne cewa duk wanda bakinsa ya karkace ko hannunsa ya saki ko maganarsa ta sarƙe, a duba agogo, a kwantar da shi ta gefe, kada a ba shi ko ruwan rubutu sai likita ya ce yana iya haɗiya. Mafi muhimmanci, shugaba ya faɗa a gaban kowa cewa wanda ya fi kusa da mara lafiya, yaro ne ko babba, yana da izinin kira da ɗauka, in wani abu ya faru ƙungiya ce ta aike shi. A buga waya gida bayan an kama hanya.

Da aka zo kan kuɗi aka watse baram-baram. Shawarar kowane dillali ya ba mutum ɗaya amintacce lambar sirrinsa ta banki, dattawa suka ce a bar wannan zance. Wani matashi ya kawo maganar Ilera Eko, inshorar lafiya ta jihar, mutum biyu suka ce za su bincika. Ƙungiyar na da asusu da ta daɗe tana biyan kuɗin motar ɗan'uwa zuwa gida in ya kwanta ciwo ko jarinsa ya karye. Aka ce a ware wani kaso daga ciki a hannun ma'aji, don kuɗin hoto da na kafin-alƙalami, a biya nan take a warware daga baya. Wasu suka ce ba don haka aka kafa asusun ba, kuma in an buɗe wannan ƙofa kowa zai kawo zazzaɓinsa. Wasu suka ce kuɗin motar kai mutum gida da shanyayyen hannu ai ya kusa kuɗin hoton da za a yi masa da safe. Ma'aji ya ce a bari sai kakar albasa ta wuce a sake zama.